Nurburgring: tambayoyi kan hanyar tseren mota da direbobi suka fi shakka

Ina take, kuma me ya sa ake tsoronta?

Tana yammacin Jamus, cikin tsaunukan Eifel, kuma an buɗe ta a 1927. Ɓangarenta na arewa, Nordschleife, shi ne abin magana. Tsawonsa kilomita 20.8 ne, alhali yawancin hanyoyin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, a yau ba su kai kilomita 6 ba. Tsakanin wuri mafi tudu da mafi gangare akwai kusan mita 300, ga daji ta ko'ina, ga kwanoni fiye da 70, da yawansu ba ka ganin abin da ke bayansu sai ka shiga. Saboda tsawon, ruwa na iya zuba a wani gefe yayin da ɗaya gefen yake a bushe ƙayau. Jackie Stewart, wanda ya ci tseren 1968 cikin hazo da ruwa da tazarar minti huɗu, shi ya laƙaba mata suna "Koriyar Jahannama".

Me ya sa Formula 1 ta bar wurin?

Ranar 1 ga Agusta 1976, Ferrari ɗin Niki Lauda ta ƙwace masa kafin kwanar Bergwerk, ta daki gefe, ta kama da wuta. Abokan tserensa ne suka tsaya suka ciro shi: Arturo Merzario, Guy Edwards, Brett Lunger da Harald Ertl. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, Lauda ya nemi a fasa tseren tun kafin a fara, domin ba yadda za a baza isassun masu kashe gobara da likitoci a hanya mai wannan tsawon, amma aka rinjaye shi. Ya ƙone sosai a kai da fuska, hayaƙi ya lalata masa huhu, duk da haka bayan mako shida ya koma tsere a Monza da ke Italiya ya zo na huɗu. Daga nan Formula 1 ba ta sake hawa Nordschleife ba. A 1984 aka buɗe gajeriyar hanya kusa da ita.

Wa ya fi kowa gudu a kanta?

Stefan Bellof ya zagaye ta cikin minti 6 da daƙiƙa 11 a 1983 da Porsche 956, kuma wannan bajinta ta yi shekara 35 ba wanda ya karya ta. A 2018 Timo Bernhard ya yi minti 5 da daƙiƙa 19 da Porsche 919 Evo.

Mutum zai iya shiga da motarsa?

Ƙwarai. Akwai ranakun da ake buɗe wa jama'a: ka sayi tikiti, ka shiga da mota mai cikakkun takardu. A lokacin, dokar titin Jamus ce ke aiki. Ta hagu kaɗai ake wuce mutum, kuma an hana auna lokaci. Wanda ya daki shingen ƙarfe shi zai biya gyara da kuɗin janwe, har da na rufe hanya idan an rufe, sannan kamfanonin inshora da yawa ba sa biyan hatsarin da ya faru a can.

To mota mai ƙarfi ta isa?

Ba ta isa ba. A ganina sanin hanyar ya fi ƙarfin inji muhimmanci, shi ya sa sababbin zuwa suke ɗaukar malami ya zauna gefensu. Dubi Karussell: kwana ce mai kama da kwarya, cikinta shimfiɗe da siminti. Dole ka jefa motar ciki a daidai wurin, ka jure girgizar, ka riƙe totur daidai. Idan ka taka da wuri, kwanar za ta tofar da kai waje, kuma shingen yana nan dab da bakin kwalta.