Farashin Manyan Katunan Girafik na Wasannin Kwamfuta

Katin girafik shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk hoton da ke fitowa a fuskar allo. Manyansu su ne waɗanda ke iya ɗaukar wasanni masu nauyi a tsaftar hoto ta 4K ba tare da sarƙewa ba. Kamfanin Nvidia ne ke riƙe da wannan kasuwa, AMD na biye. Su ke tsara guntun silikon da ke tsakiyar katin, wanda shi ke yin lissafin zanen, kamfanoni irin su Asus, MSI da Gigabyte su saya, su ɗora masa fanka da murfi su kai kasuwa. Saboda haka kowane kati yana da farashi biyu: wanda kamfani ya sanar ranar fitowa, da wanda mai shago zai karɓa.

Yadda farashin ya hau

A 2017 katin Nvidia mai suna GTX 1080 Ti ya fito a kan dala 699, kuma har yau da shi ake kwatance idan ana maganar ciniki mai albarka. RTX 2080 Ti na 2018 ya tashi zuwa dala 999. RTX 3090 na 2020 ya kai dala 1,499, RTX 4090 na 2022 dala 1,599, RTX 5090 na Janairun 2025 kuwa dala 1,999.

Tsakanin 2020 da 2022 farashin kamfani ya zama suna kawai. RTX 3080 da aka yanka wa dala 699 an riƙa sayar da shi ninki biyu, wani lokaci fiye, domin masu haƙar Ethereum, wani kuɗin intanet da ake samarwa a lokacin ta hanyar lissafi da waɗannan katuna, suna kwashe su, ga ƙarancin kaya na lokacin korona, ga 'yan sari da ke saye su ɓoye. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ya daina aiki da haƙa, tsofaffin katuna suka cika kasuwa. A watan ne kuma EVGA, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke haɗa katunan Nvidia, ya sanar da daina yin katuna baki ɗaya.

Abin da ke cin kuɗi a cikin kati

Tsadar ba duka haɗama ba ce. Ana yanko guntun ne daga faifan silikon mai faɗin milimita 300, galibi a masana'antar TSMC da ke Taiwan. Guntun RTX 4090 ya ɗan haura murabba'in milimita 600, don haka faifai guda ba ya ba da ko ɗari, kuma a cikinsu akwai masu aibi. Duk girman guntu, haka yiwuwar aibi ya faɗa masa take ƙaruwa. Shi ya sa ake kashe wani sashe: cikakken guntun yana da ƙwayoyin lissafi 18,432, amma 16,384 ne ke aiki a katin. Sai ma'ajiyar hoto, wadda ta kai gigabait 32 a RTX 5090, da kayan sanyaya katin da ke jan wat 575.

Sauran kuɗin kuwa kasuwa ce. Faifan da za a yi katin wasa da shi ana iya yin guntun ƙirƙirarriyar basira da shi, a sayar wa manyan cibiyoyin bayanai da ninkin-ba-ninkin riba. Ga shi AMD ba ta fitar da abokin karon RTX 4090 ko RTX 5090 ba. Inda babu kishiya, mai kaya ke yanka farashi.

Yadda ake auna adalcin farashi

Ma'aunin da masu gwaji suka fi yarda da shi shi ne kuɗin kowane firam, wato hoto guda daga cikin jerin hotunan da kati ke zanawa a kowace daƙiƙa. A ɗauki wasanni goma ko fiye, a gwada su a tsaftar hoto ɗaya da saiti ɗaya, a fitar da matsakaicin firam a daƙiƙa, a raba farashin shago da shi. Misali, katin dala 1,000 mai ba da firam 100 ya kama dala 10 kowane firam. Na dala 2,000 mai ba da 150 ya haura dala 13. Sabon kati ya cancanci kuɗinsa ne idan firam ɗinsa ya fi na magabacinsa araha.

RTX 4080 ya faɗi wannan jarabawa. Ya fito a dala 1,199, ƙarin kusan kashi 70 cikin ɗari a kan RTX 3080, ƙarfinsa kuwa ya ƙaru da wajen rabi ne kawai. Masu saye suka ja baya, AMD ta kawo RX 7900 XTX a dala 999, a Janairun 2024 kuma Nvidia ta fitar da RTX 4080 Super a dala 999. Tun kafin nan ma an yi wa kamfanin ca a kan wani ƙaramin kati mai gigabait 12 da ya laƙaba wa suna 4080 a dala 899. Ya janye shi, ya dawo da shi da sunan RTX 4070 Ti a dala 799.

Dole a yi hattara da firam ɗin da fasahar DLSS ta Nvidia ke ƙirƙira tana cusawa tsakanin na ainihi. Suna sa motsi ya yi santsi, amma ba sa rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako. Da su Nvidia ta kafa hujjar cewa RTX 5070 na dala 549 ya kamo RTX 4090, gwaji ba tare da su ba kuma ya nuna tazara mai nisa.

Kuɗin da ba a rubuta a kwali ba

Babban kati yana jawo wasu kashe-kashen: na'urar rarraba wuta mai wat 850 zuwa 1,000, da akwati mai fili. Filoginsa mai ƙafa 16 ya sha narkewa a RTX 4090, galibi idan bai shige har ƙarshe ba ko an tanƙwara wayar dab da bakinsa. Wutar sai ta taru a ƙafafu kaɗan su yi zafi. A tura shi har sai ya yi ƙas, kada a ga rata. A farkon 2025 an sami wasu RTX 5090 da sassan fitar da hoto 168 maimakon 176, manhajar GPU-Z tana nuna adadin.

Mai saye a Nijeriya yana biyan canjin dala da kuɗin jigila da na kwastan, sau da yawa kuma babu garanti. Idan na hannu ne, a sa shi aiki mai nauyi na rabin awa a gaban mai kaya, a duba zafin ma'ajiyarsa, a saurari ƙarar fankokin. Ɗigo-ɗigon launi ko layuka a allo alamar ma'ajiya ce ta fara lalacewa.