Jaririn da hanjinsa ya hau ƙirji

Iyaye mata da ungozomomi, ga wata larura da ba kasafai ake gamuwa da ita ba, amma in ta zo ba ta jira. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani faifan nama mai siffar laima, shi ke taimaka mana jan numfashi. Yakan gama haɗewa wajen mako na 10 na juna biyu. A kusan jariri ɗaya cikin 3,000 ba ya rufewa duka, sai hanji da tumbi, wani lokaci har saifa ko hanta, su bi ta kafar su hau ƙirji, galibi ta hagu. Nan suke danne huhu, ya kasa girma.

Da an haife shi za ku ga yana fama da numfashi, leɓɓansa sun yi shuɗi, ƙirji ya taso, ciki kuwa ya lotsa. Ba aikin iskokai ba ne, ba kuma laifin uwa ba.

Don Allah kada a ɗura masa ruwan dabino ko zuma ko rubutu, kada a hura masa iska ta baki. Iskar takan shiga hanjin ne, ya kumbura, ya ƙara matse huhun. A lulluɓe shi da kyau a garzaya asibiti.

Abin da ya fi ɓata wa iyaye rai shi ne jira. Sun zo a guje, sai su ga an sa bututu ta hanci zuwa tumbi, an jona shi da na'urar numfashi, kwana biyu ko fiye ba a shiga tiyata ba. Ba sakaci ba ne. Da can likitoci nan take suke yin aikin, daga baya aka gane yaro ya fi tsira idan aka bari huhu da zuciya suka daidaita tukuna. Aikin kansa, a kan tsaga ƙarƙashin haƙarƙari, a mayar da kayan ciki mazauninsu, a ɗinke kafar, in ta yi faɗi a yi mata faci. Gaskiya ɗaya ce: ɗinki ba ya ƙara girman huhu, shi ya sa wasu ba sa kai labari. Waɗanda suka tashi kuma sai an riƙa kai su dubiyar likita saboda yawan tumbuɗi, ciwon ƙirji da rashin ƙiba.

Hoton ciki tsakanin mako na 18 da na 22 yakan nuna larurar. In an gani, a shirya haihuwa inda ake da likitocin tiyatar yara, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.