Don Allah a daina murza sabon targaɗe

Da zarar an fara gasar ƙwallo ta unguwa-unguwa, mu ma a sashen fisiyo na asibiti, inda ake jinyar gaɓoɓi da motsa jiki, aiki ya taso mana. Matasa ne ke shigowa da ɗingishi, wani an riƙo shi, wani yana dogara sanda. Akasari gurɗewar idon sawu ce, sai gwiwa, sai naman bayan cinya da ya yage ana tsaka da gudu, sai matsematsi. Yawancin waɗannan suna warkewa sarai in an bi su a hankali. Abin da ke ɓata mana rai shi ne aikin da aka yi wa ƙafar kafin a kawo ta. Ana kwance tsumma warin man zafi zai buge ka, ƙafa ta suntume tana sheƙi, wani wurin har fata ta saɓule saboda ruwan zafi. In ka tambaya sai a ce ai an ja, an murza, an gasa.

'Yan'uwa, targaɗe ba jijiya ce ta harɗe ba, balle a ce sai an warware ta da ƙarfi. Jijiyar da ke riƙe gaɓa ce ta yage, kaɗan ko da yawa, jini kuma yana tsiyaya a ciki. Shi ne kumburin da kuke gani. Zafi yana ƙara buɗe hanyoyin jinin, murza tana ƙara yagewar. Wa ya taɓa gyara yagaggiyar riga da ja? Raunin da zai warke a mako 2, da an murje shi a daren farko sai ya kwashe wata guda ko fiye.

Na cinya ma ya fi ban takaici. Gwiwar abokin karawa ta doki gaban cinya, jini ya taru a cikin nama, abokai su danne yaro su murje wurin yana ihu, wai don jinin ya watse. Irin wannan murzar kan sa ƙashi ya tsiro a cikin naman, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa wata da watanni. Na san da kyakkyawar niyya kuke yi, tausayi ne. Amma ku cire hannunku.

Ga abin yi a kwana 2 zuwa 3 na farko:

- A fita daga fili nan take, ba a "gwada a gani".
- Ƙanƙara a cikin tawul ko ɗankwali, minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 ko 3. Ledar fiya wata da ta daskare ta wadatar. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye.
- A naɗa bandeji daga wajen yatsu zuwa sama. In yatsu sun yi sanyi, sun canza launi ko suna mutuwa, an matse da yawa, a sassauta.
- A ɗora ƙafa kan matasai har ta fi ƙirji tudu.
- Ba man zafi, ba ruwan zafi, ba tausa, ba ja.

Zafi yana da ranarsa, amma sai kumburi ya saɓe, lokacin da gaɓa ta sandare ake so ta saki.

Akwai wanda ba a zama da shi a gida. Wanda ya kasa taka ƙafa taku 4, ko ake danna kan ƙashin idon sawu ya zabura, ko gaɓar ta karkace, hoton ƙashi yake buƙata a ranar. Haka wanda ya ji ƙas a gwiwa lokacin juyawa, ta kumbura cikin 'yan awanni, tana sulluɓe masa in ya taka: sau da yawa jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda ko an yi aiki ɗan wasa kan kwashe kamar wata 9 kafin ya koma gasa. Iyaye, ku kula da yara musamman. Bakin ƙashinsu bai gama ƙwari ba, abin da ya yi kama da targaɗe yana iya zama karaya a wurin da ƙashi ke girma, in aka ja shi ƙafa ta tashi a karkace. In kuma an kai wa mai ɗori ya ɗaure tamau da karare a kan kumburi, jini yana iya yankewa, kuma ta haka ake rasa hannu da ƙafa. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da manyan asibitocin koyarwa duk suna da sashen fisiyo, da dama daga asibitocin jiha ma haka.

Me muke yi in kun zo? Mutane suna zaton na'ura za mu jona musu su tashi garau. Na'ura taimako take yi, asalin maganin motsa jiki ne daki-daki. Idon sawu, misali: da ciwo ya lafa za mu sa ka riƙa rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa don gaɓa ta saki. Sai ka zauna ka saƙala tawul a tafin ƙafa ka jawo a hankali, daƙiƙa 30, sau 3. In taka ƙafa ya daina zafi, ka dafa bango ka ɗaga dunduniya sau 10 zuwa 15, zagaye 3. Sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, daga baya ido a rufe, daga baya a kan matashin kai. Wannan na ƙarshen shi kowa ke rainawa, alhali shi ne ke koya wa ƙafa ta gyara kanta kafin ta sake gurɗewa. Wanda ya tsallake shi ne za ka ji yana cewa ƙafar nan kullum sai ta gurɗe. Ƙaramin targaɗe mako 1 zuwa 3 ne, matsakaici mako 3 zuwa 6, babba kuwa watanni.

Masu horarwa, ku ma da naku. Yaro ya gurɗe ranar Talata, an murje shi da daddare, ranar Juma'a an ba shi taramol ko an yi masa allura a kemis don ya buga wasan kusa da na ƙarshe. Maganin ya ɓoye ciwon ne kawai, jijiyar tana nan a yage. Kafin ku mayar da ɗan wasa, ya yi tsalle da ƙafar ita kaɗai sau 10 ba ciwo, ya yi gudu a miƙe, ya yi na kwana-kwana, ya tsaya cak ya juya, kuma washegari ba kumburi. In ya faɗi ɗaya daga ciki, benci. Ku ware minti 15 zuwa 20 na ɗumama jiki kafin kowane wasa, a zagaya fili a cike ramuka a kwashe duwatsu. A jakar ƙungiya kuma a fitar da kwalbar man zafin nan, a sa bandeji 2 da tawul, a tanadi kula mai ƙanƙara a bakin fili.