Injin Wankel da ma'aunin gudun mota

Injin Wankel, wanda ake kira injin juyi, inji ne mai ƙona fetur wanda ba shi da fistan mai hawa da sauka. A madadin fistan akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa a ɗan kumbure, yana juyawa cikin gida mai siffar kwanson gujiya mai kaurin ƙugu. Sunansa ya fito daga Felix Wankel (1902–1988), Bajamushe, wanda ya yi aiki da kamfanin motoci na Jamus mai suna NSU har samfurin farko ya tashi a 1957.

Yadda yake aiki

Kusurwoyin ukun kullum suna manne da bangon gidan, don haka sukan raba cikinsa ɗaki uku. Ƙarfen na juyawa, kowane ɗaki na buɗewa yana tsukewa. Ɗaki ya zuƙi iska da fetur ta wata kafa a bango, ya matse su, buji ya ba da wuta, ƙarfin ƙunar ya tura gefen ƙarfen, sannan hayaƙi ya fita ta wata kafar. Matakai huɗu ne irin na kowane injin mota, sai dai a nan ɗakuna uku ke yin su lokaci guda, kowanne a nasa mataki. Babu bawul, domin ƙarfen da kansa ke buɗe kafofin yana rufewa. Idan ya kewaya sau ɗaya, sandar tsakiya mai kai ƙarfi ga giya ta juya sau uku. Ɗakin ƙunar dogo ne kuma siriri, shi ya sa Mazda ke sa buji biyu ga kowane ƙarfe.

Injin ƙarami ne, marar nauyi, ba ya jijjiga sosai. Injin 13B na Mazda, mai ƙarafa biyu, lita 1.3 ce kawai a lissafin kamfanin, amma ƙarfinsa na gogayya da injuna da suka fi shi girma nesa ba kusa ba.

Rauninsa yana bakin kusurwoyin. A kowace kusurwa akwai siririyar sandar ƙarfe mai aikin zoben fistan, tana gogar bango ba hutu. Don kada ta cinye, injin kan fesa ɗan baƙin mai cikin ɗakin ƙuna da gangan. Makaniken da ya saba da Toyota zai ga mai na raguwa ya ce inji ya gaji, alhali haka aka ƙera shi. Ga shan fetur, ga hayaƙi. A gari irin Maraɗi, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, matatar iska da ta huje kan iya kashe irin wannan inji da wuri, kayan gyaransa kuma ba a kowane shago ake samunsu ba. Ba mamaki da wuya a ga ɗaya cikin motocin da ake hawo da su daga Kwatano.

NSU ta fitar da motar Spider mai wannan inji a 1964, sai Ro 80 a 1967, amma matsalar sandunan kusurwa ta ci mata kuɗi mai yawa. Citroën ta gwada da GS Birotor a 1973, ta janye ba da jimawa ba. Mazda ce ta dage: Cosmo Sport a 1967, RX-7 a 1978, RX-8 daga 2003 zuwa 2012. Motarta 787B ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991. A 2023 injin ya dawo cikin motar Mazda MX-30, amma a matsayin janareta mai cajin batir.

Auna gudu

Juyin inji daban, gudun mota daban, domin giya na tsakaninsu. Allurar gudu ba hanya take aunawa ba, juyi take ƙirgawa. A tsofaffin motoci da yawancin baburan kabu-kabu, waya ce mai juyawa ke tahowa daga giya ko daga tayar gaba, ta juya maganaɗisu a bayan mita. Maganaɗisun ya ja wani ɗan kofin alminiyam ba tare da ya taɓa shi ba, siririn sifirin yana riƙe da kofin, allura ta tsaya inda ƙarfin biyun ya yi daidai. Otto Schulze ya yi rajistar wannan dabara a Jamus a 1902.

Motocin yanzu na'ura suke amfani da ita. Akwai zobe mai haƙora a kan sandar da ke fita daga giya, ko a cibiyar kowace taya idan motar na da birkin ABS, mai hana taya kullewa. Duk haƙorin da ya gifta gaban na'urar sai ta aika bugun lantarki ɗaya, kwamfutar mota ta ƙirga bugun a daƙiƙa, ta mai da shi kilomita a awa. Tayar da kewayenta ya kai mita 2 tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa idan ana gudun kilomita 100.

A nan ne direba kan yaudari kansa. Kwamfuta ta san girman tayar da kamfani ya sa ne kawai. Wanda ya canza zuwa tayar da ta fi ta asali da kashi 5 cikin 100 don ya ji daɗin yashin hanyoyin ƙauye, idan ya hau kwaltar Maraɗi zuwa Ɗan Isa allura na nuna 100, shi kuwa 105 yake yi. In na'urar ta mutu ko laka da ɓarɓashin ƙarfe suka toshe bakinta, allura kan kwanta, giya otomatik ta riƙa canzawa da fizga, fitilar gargaɗi ta kama. Kwamfutar bincike a gareji kan nuna lamba P0500, kuma sau da yawa laifin na wayar da ta tsinke ne a kusa da soket.