Tsarin Mallakar Ƙasa da Yunƙurin Gyara Shi a Jihar Gombe

Tsarin mallakar ƙasa shi ne ƙa'idojin da ke fayyace wanda ke da ikon noma gona, ko gina gida a fili, ko kiwo a daji, da yadda wannan iko ke tashi daga hannu zuwa hannu. A Jihar Gombe, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, tushe uku ne ke aiki a lokaci guda: al'adar gargajiya, da shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Mafi yawan manoman jihar suna riƙe da gonakinsu ne bisa biyun farko, alhali ta ukun ce ke rinjaye duk lokacin da gwamnati ko banki ko babbar kotu ta shigo cikin magana. Daga wannan giɓi ne kusan duk muhawarar gyaran tsarin take tasowa.

Kafin zuwan Turawa

Masarautar Gombe ta samo asali ne daga jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soma a 1804. Buba Yero, wanda ya karɓi tuta, shi ya kafa Gombe Abba a bakin kogin Gongola, a wajajen 1824 bisa abin da aka fi ruwaitowa. Malaman Daular Sakkwato sun ɗauki ƙasar da aka ci da yaƙi a matsayin amanar al'umma, wadda sarki ke kula da ita ba tare da ta zama dukiyarsa ba. Sun kuma yi aiki da hukuncin raya matacciyar ƙasa, wato wanda ya sare dajin da ba na kowa ba, ya nome shi, ya fi kowa haƙƙi a kansa. Hurumin gari, da maƙabarta, da mashaya, da burtalin shanu, waɗannan na kowa da kowa ne, ba a yarda wani ya killace su.

A aikace, sarki yakan raba yankuna ga hakimai da manyan bayinsa, su kuma su tura jakadu su karɓo zakka da kuɗin ƙasa. Baƙon da ke neman wurin noma yakan je wurin dagaci da 'yar gaisuwarsa, dagaci ya haɗa shi da mai unguwa a nuna masa daji, a yi masa iyaka da wata tsamiya ko kuka ko bakin kwari. Idan ya sare ya noma, gonar ta zama tasa da 'ya'yansa. Idan kuwa ya yi ƙaura, gonar ta daɗe tana saura har ta koma daji, dagaci na iya ba wani. Masu sarauta suna da manyan gandaye da rinjoji inda bayi ke noma, kuma wajibi ne a faɗi cewa waɗanda suka fi zubar da gumi a waɗannan gonaki su ne ba su da ko taki ɗaya a cikinsu.

A cikin gida, gandu ne ginshiƙi: maigida da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma babbar gona tare, kowane baligi kuma yana da gayaunarsa da yake yi wa aiki a ranakun da aka ware. Wanda ba shi da gona yakan samu ta hanyar aro, ko kyauta, ko jingina, inda mai gona ke karɓar kuɗi ya bar gonar a hannun mai kuɗin har ranar da ya biya. Sayar da gona kai tsaye bai yawaita ba, saboda daji yana da yawa, hannun noma ne ke da ƙaranci.

A kudancin jihar, a ƙasashen Tangale da Waja da Tula da maƙwabtansu, waɗanda yawancinsu ba su shiga ƙarƙashin masarautar ba, ƙasa ta dangi ce, dattawan zuriya ke rabawa. Gonakin da mutanen Tula suka jera wa duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni suna nuna yawan aikin da aka zuba a ƙasar da ake gado kaka da kakanni.

Zamanin mulkin mallaka

Sojojin Ingila sun shiga Bauchi da Gombe a 1902, kuma a Burmi, cikin ƙasar Gombe, aka yi yaƙin da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasa ransa a watan Yulin 1903. A cikin wannan shekarar Lugga (Frederick Lugard), shugaban mulkin Ingila a Arewa, ya shelanta a Sakkwato cewa ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannun sabuwar gwamnati. Amma dokar da ta yi tasiri mai ɗorewa ta samo asali ne daga zamanin Gwamna Percy Girouard. Wani kwamiti da ya zauna a Landan a 1908 ya nazarci sha'anin ƙasa a Arewa, kuma shawarwarinsa suka haifar da dokar 1910, wadda aka sake tsarawa a 1916. Dokar ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, zai riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa, kuma babu wata mallaka da za ta inganta sai da yardarsa.

Wannan doka ta hana kamfanonin Turawa mamaye gonaki kamar yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya, abin da ba ƙaramin alheri ba ne ga talakan Arewa. Sai dai ta mayar da manomi mai haƙƙin zama da amfani kawai, ta kuma bar rabon ƙasar karkara a hannun hukumar En'e, wato sarki da hakimai da dagatai. Inda aka dace da shugaba mai tsoron Allah an zauna lafiya. Inda ba a dace ba, wanda ya kasa biyan haraji ya gudu yakan dawo ya tarar gonarsa a hannun wani.

An mayar da hedikwatar masarautar zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919, wurin da ya zama birnin Gombe na yau. Wannan ƙaura ta buɗe dazuzzukan kudancin masarautar. Baƙar ƙasa mai laka ta yankunan Akko da Yamaltu ta karɓi auduga sosai, mutane suka yi ta kwararowa daga arewacin masarautar da ƙasashen Kano da Barno da wasu wurare, ana yanka musu daji suna kafa ƙauyuka. Zuwa shekarun 1950 Gombe ta yi suna a noman auduga, jirgin ƙasa kuma ya iso a farkon shekarun 1960. Tun daga lokacin gona ta soma yin kuɗi, haya da saye suka yawaita, ko da yake a takarda ba a san da cinikin ƙasa ba. Jikokin waɗannan baƙi suna nan a gonakin, kuma shaidarsu a mafi yawan lokuta ita ce bakin dattawan da suka ga an yi iyaka.

Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tata dokar a 1962, wadda ta ɗauko kusan duk abin da ke cikin ta 1916, ta miƙa ikon ga minista. A 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya. Makiyayar Wawa-Zange, mai faɗin sama da hekta 140,000, tana cikin mafi girma a ƙasar nan.

Dokar 1978

Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta naɗa kwamiti a 1977 ƙarƙashin Mai Shari'a Chike Idigbe, sannan ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa ranar 29 ga Maris, 1978. A Kudu dokar ta zama babban juyi, a Arewa kuwa tsohon tsari ne aka faɗaɗa ya game ƙasa baki ɗaya. Sashe na 1 ya danƙa dukkan ƙasar jiha ga gwamna a matsayin amana domin amfanin duk 'yan Najeriya. Gwamna ke ba da izinin mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma a karkara, amma ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da yardar gwamna. Dokar ta kuma taƙaita filin da ba a gina ba wanda mutum zai ci gaba da riƙewa a birni zuwa rabin hekta, domin hana masu hali tara filaye suna jiran tsada. Ba a cika jin an aiwatar da wannan iyaka ba.

Sassa biyu ne suka fi taɓa talaka. Sashe na 22 ya ce mai izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai gwamna ya amince, abin da ke cin lokaci da kuɗi. Sashe na 28 kuwa ya ba gwamna ikon soke mallaka domin buƙatar jama'a, sannan diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, da shuka, da itatuwan amfani. Ranar ƙiyasi, ma'aikata kan shiga gona da takarda suna ƙirga mangwaro nawa, ɗorawa nawa, rijiya nawa. Manomin da ya gaji gona fili fetal, wadda gero da wake kawai yake samu a cikinta, yakan tashi da abin da bai kai ya sayi wata ba, alhali bayan an yanka ta filoti-filoti kuɗin guda ɗaya na iya ninka abin da aka ba shi. A nan ne dokar da aka kafa da sunan adalci ta fi gazawa.

Birni da kewayensa

Zaman Gombe babban birnin jiha a 1996, da kwararowar masu gudun hijira daga Barno da Yobe a shekarun rikicin Boko Haram, sun sa birnin ya cinye gonakin da ke kewaye da shi. Filaye iri biyu ake ciniki: awon gwamnati, mai taswira da lamba, da awon igiya, inda mai gona ke kiran dillali da mai awo su yanka ta, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa da shaidu su sa hannu. Awon igiya ya fi araha, shi ya sa ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwa suka fi samun muhalli ta nan. Illarsa ita ce sau da yawa ba a barin hanya mai faɗi ko magudanar ruwa ko filin makaranta, a garin da zaizayar ƙasa ta riga ta addaba, kuma akan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.

Gado da haƙƙin mata

Shari'a ta ba 'ya mace rabin kason ɗa namiji, ta ba matar mamaci kashi ɗaya cikin takwas idan akwai 'ya'ya, ko ɗaya cikin huɗu idan babu. Duk da haka, a gidaje da dama akan jinkirta rabo, 'yan'uwa maza su ci gaba da noma gonar, mace ta ji nauyin kai ƙarar ɗan'uwanta. Ƙararrakin gado suna cikin waɗanda suka fi cika kotunan yanki. A wasu al'adun kudancin jihar mace ba ta gadon gona. Rabon gado daga tsara zuwa tsara kuma yana ƙara tsinka gonaki.

Manoma da makiyaya

Noma ya ci burtaloli da sassan makiyaya a wurare da yawa. Kowane ɓangare yana da nasa ƙorafin, kuma batun sake shata iyakoki bai ƙare ba.

Yunƙurin gyara

Dokar 1978 tana cikin tsarin mulki, a sashe na 315(5) na kundin 1999, don haka gyara ta na buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa gyaran tsarin ƙasa cikin ƙudurorinsa bakwai, ya kafa kwamitin ƙwararru a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin sassauta sharaɗin yardar gwamna, amma bai zama doka ba har ya rasu a 2010. Kwamitin ya gwada rajistar filaye unguwa-unguwa a jihohin Kano da Ondo. Ƙiyasin da aka fi ambatawa a lokacin shi ne ƙasar da ke da rajista a Najeriya ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba.

A Gombe, gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya, wadda ta hau a 2019, ta kafa hukumar GOGIS domin mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta da sabunta takardun shaidar mallaka. Aikin ya fi ƙarfi a babban birnin. Gonakin karkara yawancinsu har yanzu suna kan shaidar dagaci da maƙwabtan iyaka.