Shin manhajar hira za ta iya haddace lambar wayarka?

Me ake nufi da hadda a nan?

Manhajoji irin su ChatGPT da tarin rubutun da aka kwaso daga intanet ake horar da su, aikinsu kuwa hasashen kalmar da za ta biyo baya. Galibi salon magana suke ɗauka. Amma rubutun da ya yi ta maimaituwa yakan zauna musu daram, harafi bayan harafi. Kamar ɗan makarantar allo ne: a ja masa baki, ya ƙarasa sauran. Girman manhaja ma yana ƙara mata ƙarfin hadda.

An taɓa zaƙulo bayanan mutane da gaske?

Ƙwarai. A 2020 Nicholas Carlini da abokan bincikensa sun tantance rubutu 1,800 da GPT-2, wata tsohuwar manhaja ta kamfanin da ya ƙera ChatGPT, ta fitar, suka tarar 604 hadda ce tsantsa. A ciki har da sunan wani mutum da lambar wayarsa da adireshinsa. A 2023 kuma masu bincike sun umarci ChatGPT ta yi ta nanata kalma ɗaya ba tsayawa, can sai ta kauce ta fara zubo rubutun da aka horar da ita da shi. Da kusan dala 200 suka kwashi irin wannan rubutun fiye da guda 10,000.

Ta ina bayanan mutumin Sakkwato za su shiga?

Ta shafukan da kowa ke iya buɗewa. Jerin sunayen masu cin gajiyar tallafi da aka ɗora tare da lambobin waya, takardar neman aiki da aka bari a fili, cigiyar katin shaida mai ɗauke da NIN. Mafi hatsari shi ne sanarwar neman taimakon marar lafiya: suna, ciwo da lambar asusu a wuri guda, kuma jama'a na ta yaɗa ta da kyakkyawar niyya. Wannan maimaicin shi ke sa a haddace ta.

In na goge daga intanet, shi ke nan?

A'a. Bayanin ba a layi ɗaya yake ajiye ba, ya narke cikin biliyoyin alƙaluman manhajar. Sake horar da ita tsada gare shi, don haka kamfanoni sukan toshe fitowar amsar ne kawai.

To me ya rage a hannuna?

Rufe NIN da BVN kafin ka ɗora hoton takarda. Shiga saitin manhajar ka kashe izinin horo da hirarka. Idan ma'aikaci ne kai, kada ka zuba mata jerin ɗalibai ko marasa lafiya don ta tsara maka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka haƙƙin neman a goge bayananka, in aka ƙi kuma ka kai ƙara NDPC, hukumar kare bayanai ta ƙasa.