Aikin fatar ido ba ya taɓa ƙwayar ido

A nan Garwa da an ce za a yi wa mace aikin rage fatar ido sai ka ji ana salati, wai za a makantar da ita. Ba haka ba ne wallahi. Likita a kan layin ninkin fatar yake yanka, ya cire rarar da ta rufto, ba ya yanka ƙwayar idon, galibi allurar kashe zafi ake yi a wurin, zaren ɗinki kuma kamar kwana 5 zuwa 7 a cire shi.

In ɓangare ɗaya ya fi sauka, sau da yawa naman da ke ɗaga fatar ne ya saki, shi za a gyara, rage fata kaɗai ba zai daidaita su ba. Amma in saukar ta zo farat ɗaya har kina gani biyu-biyu, yaya ki tafi asibiti ranar.